Wane Akwati Za a Sayo wa Tsofaffin Kwamfutocin Yakubu?

Assalamu alaikum Malam Modibbo mai filin na'urori. Don Allah ka taimake ni, hankalina ba kwance yake ba. Ka yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da ɗiya biyu na shiga ajin manya na koyi boko.

Mu nan Gummi, ni lafiya lau sai ciwon gwiwa. Ɗiyata Hafsa ta haihu, ita da jinjiri lafiya. 'Yar'uwarta Kulu zazzaɓi ya sake ta. Wanda ba shi da lafiya shi ne babban ɗana Yakubu, kuma ba ciwon asibiti ba ne.

Tun da mota ta karya mishi ƙafa a hanyar Anka ya bar noma. Kawunsa ya samo mishi tsofaffin kwamfutoci huɗu da wani ofis ya daina aiki da su a Gusau, masu ƙaton ƙeya, ya buɗe shago a zauren gidanmu. Intanet ɗin daga wani babban shago yake janyo shi da eriya a kan dogon ƙarfe. Da rani lafiya lau. Amma da damina, iska na kaɗawa sai eriyar ta juya, komai ya tsaya, shi kuma ba ya iya hawa ya gyara sai an nemo mai hawa.

Bara ranar rufe rajistar jarrabawar masu sake zama, yara bakwai suka zo tun daga Nasarawa Burkullu a kan babura, taɓo har gwiwa. Hadari ya taso da hantsi. Eriyar ta juya, har magariba intanet ɗin bai dawo ba. Yaran nan shekara guda suka rasa. Uban ɗayansu bai yi faɗa ba, kallon Yakubu kawai ya yi ya tafi, da ma zagi ya yi. Tun daga nan in gari ya yi duhun hadari Yakubu ba ya cin tuwo. Ga shi rajistar bana saura wata guda.

Na sayar da san da nake kiwo don a sayo akwatin da ake ce ma rauta, wanda ke raba intanet ga kwamfutoci. An ce iri biyu ne. Akwai na yayi mai ƙaho, ba ya son waya. Akwai wanda in eriya ta yanke sai ya koma layin tarho da kansa. Yakubu mai ƙaho yake so, ya ce shi ake yayi a Sakkwato, kuma na tarho tafiyar hawainiya gare shi. Ni ko na tarhon nake so, don akwai tarhon marigayi babansu a ɗaki, na rufe shi da ƙyalle, ban ƙara ɗagawa ba tun rasuwarsa. Mun yi musu har ya bar yi min magana kwana biyu. Ban san ko ni ce ke shiga abin da ban sani ba.

Maƙwabcinmu Labbo zai tafi Kano saro kaya ranar Laraba ta sama, shi zai sayo. Don Allah amsarka ta fito kafin ranar.

Innar Yakubu, Gummi

Wa alaikumus salam Inna. Allah ya raya jinjiri. Rubutunki ya fita sarai, kuma ba ki shiga abin da ba ki sani ba.

Yakubu ya yi gaskiya, layin tarho na da nawa ƙwarai. Kwamfuta huɗu ba za su hau shi lokaci guda ba. Amma ɗaya za ta hau, ta tura sunan yaro da hotonsa, ko da sai an jira. Mai ƙaho kuwa ba ya hana eriya juyawa, kuma tsofaffin kwamfutoci irin nasa ba sa kama shi sai an sa wa kowacce katin kama intanet ba waya, wasu ma ba za su karɓi katin ba. A nan ke ce da gaskiya.

Sai dai yau ɗin nan ki yaye ƙyallen ki ɗaga tarhon. In kin ji ƙara, ku buga wa wani ku tabbata. In shiru ne, Yakubu ya bincika ko za a maido da layin, ko kuwa wayar tebur mara igiya mai shiga intanet na kamawa a Gummi. In babu ko ɗaya, kada Labbo ya sayo komai tukuna, ku fara ɗaure eriyar da wayoyin ƙarfe ta kusurwa uku. Wannan ma ku yi shi ko da layin na aiki.

In layin na da rai, a rubuta wa Labbo a takarda: rauta mai ramukan kebul huɗu na jona kwamfutocin, da ramin modem a bayansa. Modem ɗin, wato na'urar da ke haɗa rauta da layin tarho, daban ake sayensa, kada ya dawo babu shi da igiyarsa. A gwada a gabansa, a zare babban layin intanet a ga ya koma tarho, a mayar a ga ya saki tarhon. Kuma in ana tsawa a cire igiyar tarho har ta wuce, don aradu na bin layi.

Yakubu shi zai rubuta takardar da hannunsa, shagonsa ne. Sannan ya aika wa iyayen yaran Nasarawa Burkullu cewa su turo su mako guda kafin rufewa, ya fara da bakwai ɗin nan. Ranar da ya miƙa musu takardun shaidar rajista, ki tuƙa tuwo da yawa.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba yaran sa'a, ke kuma ya saka miki da alheri.

Malam Modibbo