Wa Ya Kashe Injin Alhaji?

Adabka, ranar Lahadi

Zuwa ga mijina na banza, Abdulrashid bakanike, Gummi.

Bayan gaisuwa, wadda ba ka cancanta ba, ya aiki? Da hannuna na rubuto tunda an ɗauke mana sabis, ka san yaƙi da jahilcina bai tafi a banza ba.

Wata uku ke nan da ka zo ka ƙwaƙule injin motar kakanka ka tafi da shi. Gangar jikin na nan ƙofar gida kamar saniyar da aka feɗe, kaji na ƙwai a kujerar direba. Mi kake yi da shi? Goyonsa kake?

Baffanka Muntari kuwa yana Anka, can zai tabbata. Na ce kada ƙafarsa ta sake taka gidan nan, goron da yake aikowa ma maƙwabta nake ba. Shekara talatin Alhaji na tuƙa wagga mota ba ta taɓa ko tari ba. Ya rasu, ta huta shekara biyu, ɗansa ya murɗa makulli sau ɗaya, inji ya buga. Ban yafe ba.

A gai da matarka Dije, ita ba ni da faɗa da ita.

Kakarka, Hawwa'u

Gummi, ranar Alhamis

Inna Hawwa'u,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ƙafar?

Aiki ya kusa. Na sauya fistan biyu da ringi da bawul, na wanke komai da man gas. Na tarar da wani baƙin abu ya daskare a ciki kamar ƙanzon tuwo, har yau ban gane shi ba. Don haka ba zan ɗora inji a mota ba sai na ɗaure shi a kan katako nan gareji, na tada shi a ƙasa, na saurare shi. A kwance mini tukunyar nan mai tace iska da ke gefen mota a aiko, da ita zan gwada.

Baffa ya zo jiya. Inna, ya rame.

Jikanki, Abdulrashid

Adabka, ranar Asabar

Kai Abdulrashid,

Na amsa gaisuwa, ƙafa ba ruwanka da ita.

Gwaji! Kakanka da ya auro ni gwada ni ya yi a kan katako? Ɗauko ni ya yi ya kawo ɗaki, kuma ga ni ina aiki har yau. Ku yaran zamani tsoro ya cinye ku. Ka ɗora inji ka bar mini iyayi, ko in sake ka in auri mai faci.

Ga tukunyarka nan na ba Naziru mai babur, ya ce nauyinta ya kusa kada shi a gulbi. Ramar Muntari kuwa, hakkin ubansa ne. Kada ka sake sa sunansa a takardata.

A gai da Dije.

Hawwa'u

Gummi, ranar Talata

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, amma yau raina a ɓace yake.

Inji ya tashi. Awa biyu yana ruri a ƙasa, ba hayaƙi, ba ɗigon mai. Da zan haɗa tukunya sai na buɗe ta. Gero ne a ciki, ya kai mudu biyu, ƙulle a koren ɗankwali mai zanen tsuntsu. Ɓera ya huda ƙullin, ya huda matacin. Ƙanzon da na gani gero ne, inji ya shaƙa ya toya. Da na bi maganarki na ɗora ba gwaji, da ya sake bugawa, ni ma ki kore ni.

Na san ɗankwalin, Inna. Da shi kike share mini majina ina yaro.

Wata huɗu Baffa na kwana a shagon mutane. Ban gaya masa ba tukuna.

Jikanki, Abdulrashid

Adabka, ranar Laraba

Mijina,

Na gaishe ka.

Irin geron Alhaji ne, na ɓoye wa ɓeraye shekarar da ya rasu, na manta. Wa ya san ta nan mota ke numfashi?

Ranar ɗora inji ka biya ta Anka ka ɗauko Muntari, shi zai murɗa makulli. Kada ka gaya masa komai, da bakina zai ji. Na sa a kama zakaran da ke kwana kan sitiyari.

Ka wanko mini ɗankwalina, mara kunya.

Kakarka, Hawwa'u