Amanar da Ka Karɓa a Zaurenmu na Gammo

Zuwa ga Alhaji Shugaban Ƙungiyar Wasan Hoki ta Walƙiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ofishinka, har da sakataren nan naka mai yawan murmushi. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Sunana Isiyaku, malamin firamare ne ni a Kabo, gidanmu kuma yana Gammo. Na san sunan ba zai tuna maka da kowa ba. To, ni ne yayan Habibu, kyaftin ɗinku, wanda hotonsa yake manne a jikin motar ƙungiyarku, ya ɗaga sanda yana dariya. Ni ne kuma mutumin da ya zo ofishinka sau huɗu aka ce ka fita, alhali ga motarka nan a ƙarƙashin darbejiya, direbanka yana barci a ciki. Tunda ƙofarka ta ƙi buɗuwa, na kawo maganar inda jama'a za su ji. Ba maganar kuɗi ce ta kawo ni ba, kada gabanka ya faɗi.

Na ɗaya. Ina so in tuna maka ranar da ka zo gidanmu, don na ga alama ta shafe a kanka. Habibu ya koyi hoki ne a sakandaren da ya yi a Gwarzo, a wajen malamin wasanninsu. A garinmu dariya ake yi masa, ana cewa yaron da ya tashi da sandar kiwo ya koma korar ƙwallo. Baba bai taɓa son abin ba. Da kuka gan shi a gasar makarantu kuka nace, kai da kanka ka taho har Gammo, ka cire takalmi, ka durƙusa a gaban tsoho a zaure. Ka ce a ba ka amanar yaron. Ka ce daga ranar ɗanka ne, kuma duk ranar da zamansa a wajenku ya ƙare, da ƙafarka za ka dawo da shi inda ka ɗauke shi. Baba ya aika aka kira ƙannensa biyu da liman, aka shafa fatiha, aka raba goro. Ka sha fura har ka nemi ƙari, Alhaji. Ni na dama maka ta biyun.

Kai a wajenka wataƙila wannan duk ado ne, abin da ya ɗaure maganar shi ne takardar da Habibu ya sa wa hannu a Kano. A wajen Baba kuwa takarda ba ta san komai ba. Shi abin da aka faɗa a gaban liman aka shafa masa fatiha, shi ne magana, kuma wanda ya ƙulla shi kaɗai yake kwancewa.

Na biyu. Shekara tara Habibu yana yi muku wasa. Ba sai na lissafa maka ƙwallayen da ya zura a raga ba, kofunan suna kan kabad ɗin ofishinka, na ƙirga su ina zaune ina jiranka. A kakar wasan bara aka buge shi a gwiwa, a filinku, da rigarku a jikinsa. Ya yi jinya a gida, Inna tana gasa masa ƙafa, ni ina ɗaukarsa a babur zuwa asibiti. Daga wajenku mun ga me? Saƙon waya guda ɗaya, mai hoton hannu biyu na addu'a. Madalla da wannan ɗawainiya!

Ya warke. Likitan da ku kuka tura shi wajensa ya rubuta cewa zai iya wasa. Tun farkon damina yake tashi bayan sallar asuba yana gudu daga Gammo zuwa bakin titi ya dawo, manoma suna yi masa sannu. Ya koma Kano da jakarsa, sai ya tarar babu sunansa a jerin masu atisaye, babu shi a cikin masu tafiya wasa. Ya tambayi koci, koci ya ce maganar tana wajen sakatare. Sakatare ya ce kwamiti zai zauna. An yi shuka, an yi noman farko, an yi maimai, ga shi an yanke gero, kwamitinku bai sami kujera ba har yau. Ba ku ce ya zauna ba, ba ku ce ya tafi ba. Amma da 'yan jarida suka tambaye ka, ka ce Habibu ginshiƙin ƙungiya ne, kuma ana tattaunawa. Da wa ake tattaunawar, don Allah? Shi dai yana gida yana ɗaurin gero.

Na uku, kuma nan ne abin yake min ciwo. Wata ƙungiya daga wata jiha ta ji labarin yana zaune, ta aiko mutum biyu har Gammo. Mutanen kirki, sun zo da kunya da ladabi, suka ce suna son Habibu ya yi musu wasa, in ƙarfinsa ya ja baya kuma ya zauna yana koyar da matasansu. Abu biyu kawai suke jira: takardar sallama daga wajenku, da yardar mahaifinsa. Baba ya saurare su har suka gama, ya sa aka kawo musu abinci, sannan ya ce ba shi da ɗan da zai bayar, domin ya riga ya ba Alhaji amanarsa, kuma Alhaji bai dawo da ita ba. Na yi masa bayani har bakina ya bushe. Na ce Baba, mutumin nan fa ya manta da mu. Ya dube ni ya ce mutumin da ya durƙusa a zaurensa ba zai yi haka ba, sai dai in aiki ne ya yi masa yawa. Habibu kuwa ka san shi, ko da yake ban tabbata ka san shi ba: ba zai tsallake maganar tsoho ba ko da zai rasa wasan gaba ɗaya.

Ka gani ko? Tsoho yana kare mutuncinka a bayan idonka, kai kuma kana ɓuya a bayan labule in ka ji muryar ɗansa. Wallahi in na tuna sai in ji kunya ta kama ni a madadinka.

Waɗancan mutanen sun ce rijistar 'yan wasa za ta rufe a ƙarshen watan nan, ba za su iya jira ya wuce haka ba. Habibu ya doshi talatin, yana da mata da 'ya'ya biyu. Ɗan wasa a shekarunsa in ya zauna kaka biyu a jere, shi ke nan, babu mai sake nemansa. Wannan kun fi ni saninsa, shi ya sa nake zargin da gangan ne. Ba kwa son sa shi a fili don kuna tsoron gwiwar, ba kwa son sakinsa don kuna tsoron ya zo da rigar wasu ya ci ku a gaban 'yan kallonku. Ko bijimin huɗa in ya gurɗe, mu nan ko dai mu yi masa magani ya koma gona, ko mu bar shi ga mai buƙata. Ba ma ɗaure shi a turke don kada maƙwabci ya amfana.

Na huɗu. Sati uku da suka wuce ka je ɗaurin aure Getso. Kada ka ce ba ka je ba, hotunan suna yawo a waya, ga ka nan da babbar riga kana ɗaga hannu. Ta hanyarmu ka bi zuwa da dawowa. Wani ya gaya wa Baba an ga motarka ta wuce, ranar bai je gona ba. Ya sa aka share zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, Inna ta dama fura, ya aika a gaya wa liman kada ya yi nisa. Ya zauna tun azahar har aka kira magariba. Da ya tashi, abin da ya ce kawai shi ne wataƙila hanya ce ta ɓace maka, tunda an daɗe. Ranar ce na yanke shawarar rubuta wannan takarda.

Ga abin da nake nema, kuma bai fi ƙarfinka ba.

Ka sa hannu a takardar sallamar Habibu kafin rijista ta rufe. Kada ka aiko direba da ita, kada ka aiko mai murmushi, domin Baba ba zai karɓa ba, kuma in bai karɓa ba takardar ba ta da amfani. Ka taho da ita da kanka, ka cire takalmi kamar yadda ka cire wancan karon, ka faɗa da bakinka cewa ga amana ka dawo da ita. Minti goma ya ishe ka. In kuwa da gaske kana son ya ci gaba da wasa a wajenku, to ka zo ka faɗi hakan, kuma a ga sunansa a jeri. In duk biyun sun gagare ka, ka ɓare hotonsa daga jikin motarku, don bai kamata fuskarsa tana zaga gari tana yi muku talla shi kuma yana zaune ba.

Na so in rufe da addu'ar Allah ya haɗa ɗanka da mai riƙe shi kamar yadda ka riƙe namu. Na karanta wa Baba takardar, ya ce in goge wannan, ba a yi wa wanda aka ba amana irin wannan fata. Shi ya faɗi wadda za a rubuta, ga ta kamar yadda ya faɗa: Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya sauƙaƙa maka aikin da ya yi maka yawa, ya kuma nuna maka hanyar Gammo. Ya ce in ƙara da cewa bai sa an naɗe tabarmar ba.

Wassalam.

Isiyaku, yayan Habibu,
Gammo, Ƙaramar Hukumar Kabo.