Ka Taɓa Ta da Kuncinka

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, ya iyali, ya 'yar tamu? Na karanta cika bakinka, wai kana riƙe kofin shayi mai tururi ba ka jin komai, abokan aiki har suna tafa maka. Ba jarumta ba ce. Shekara goma sha huɗu na yi riƙe da injin fasa kankaren nan da kake aiki da shi, yau maɓallin riga sai yayarka, uwargidana, ta saka mini. Karkarwarsa ce ke kashe yatsu a hankali. Ka riƙa ajiye shi kana hutawa, ka je likita ya duba ka. Na san taurin kanka, don haka ko ɗaya ka riƙe: in yarinyar ta yi lamo, kada ka auna jikinta da hannu. Ka taɓa ta da kuncinka.

Ka gaida mutan gida.
Yayanka

*

Yaya,

Ina gaisuwa da ban girma. Ka yafe mini shirun wata biyu, da dariyar da na yi wa wasiƙarka.

Ranar Laraba na dawo cin abincin rana, na tarar 'yar taka kwance a kujera, ta ƙi wasa. Uwarta na ɗauraye kwanuka, ta ce, "Baban yarinya, taɓa mini ita, hannuna da ruwa." Na dafa goshinta na ce, "Garau take, rigima ce kawai." Har na saka takalmi, sai maganarka ta faɗo mini. Na koma na ɗora kuncina. Yaya, kamar na jingina da murhu.

Likita ya ce da mun kai gobe, da labarin ya sha bamban. Kwananmu shida a asibiti. Yanzu ga ta nan tana jan alƙalamina. Na nuna wa likitan nawa yatsun, na kuma roƙi shugaban aiki ya raba ni da injin, ya mayar da ni sashen aune-aune. Ban san da bakin da zan gode maka ba. Amma wa ya koya maka dabarar kunci?

Ƙanenka mai taurin kai

*

Ƙanena,

Alhamdu lillahi. Na karanta wa yayarka, ta yi kuka, ta sa na maimaita.

Ba wanda ya koya mini. Kana makaranta lokacin da autar 'ya'yana ta rasu, aka ce maka zazzaɓi ne. Kwana biyu ina dafa goshinta ina ce wa uwarta garau take.

Na gode da ka koma. Ka sumbatar mini goshin nan.

Yayanka