Ƙofar da Babu a Zanenki

Zuwa ga 'yata ta fari, a Yamai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma nan Gazawa lafiya lau, an gama yankan hatsi, ana roron wake. Ba zan kira sunanki ba ko a rubuce, kin san halina.

Na ga zanen da kika turo mini ta waya, na ƙarin ginin ɗakin karatun garinmu. Na ji daɗi da aka ba ki aikin. Ban faɗa miki ba a ranar, don yabon ɗa a gabansa ɓata shi ne. Na duba sosai: sababbin ɗakuna biyu, rumfa, tagogi dogaye. Kin rubuta cewa ɗakin baya na mata ne. Sai na bi zanen da yatsa ina neman ta inda matan za su shiga. Ƙofa ɗaya ce, tsohuwar nan mai kallon titi.

Mai yi wa mutane gini ya kamata ya zo ya ga yadda suke tafiya. Yaushe rabonki da tsayawa a bakin ƙofar nan da la'asar? Bencin 'yan fada, mazan da ke zaman hira, na nan dama da hagu, ana shan shayi, 'yan kabu-kabu sun jera babura. Ba mugaye ba ne, rabinsu danginmu ne, kuma nan matsalar take. Matar aure ba ta ratsa tsakiyar surukanta da abokan mijinta. Sai ta durƙusa ta gaida kowa, a tambaye ta ina zuwa, ta ce karatu, a yi murmushi. Gobe ba za ta dawo ba.

Yanzu ki saurara, ban taɓa gaya miki wannan ba.

Kin tuna kina ƙaramar lakol, wato firamare, duk Laraba nakan aike ki aron littafi? Nakan ce ki karɓo mai kauri, marar hotuna. Kina dawowa kina kumbure-kumbure, don mai hoton dabbobi kike so, ni kuwa in ce miki, “Mai kallon hoto ba ya zama malami.”

Kin ɗauka tsanani ne. Akwai tsananin, ban musa ba. Amma littattafan nawa ne. Na gama kwaleji, na yi aure da son raina, sai dai ƙishin karatu bai sake ni ba. In kun koma lakol bayan azahar, nakan jingina da rumbu in karanta har lokacin ɗora tukunya.

Marigayi mai kula da ɗakin, Allah Ya jiƙansa, ina jin ya gane. Wata Laraba kika dawo da littafi biyu, mai kauri da mai hotuna, kika ce shi ya ba ki haka. Daga ranar kullum biyu yake ba ki. Ban taɓa yi masa godiya ba, don godiyar za ta tona ni.

Na karanta abin da ke cikin ɗakin nan fiye da masu zama a ƙofarsa, amma ban san launin bangonsa na ciki ba.

An ce da an gama kaka za a haƙa harsashi. Kafin nan ki zo, ba ta waya ba. Zan kai ki lungun arewa, inda mata ke bi zuwa injin niƙa da ƙwarya a ka da goyo a baya. Ki buɗe ƙofa a nan, ko da za ki rage taga ɗaya. Mace ta ajiye ƙwaryarta, ta shiga, babu wanda ya tambaye ta.

Na matsa miki kina yarinya, na sa ki ɗaukar nauyin da ba naki ba. Ki yafe mini, 'yar nan. Idona ya fara rauni, ƙananan haruffa suna gudu na. Ina so in tsaya gaban kanta in zaɓi littafi da hannuna tun ina iya karanta shi.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa hannunki ya gina abin da za a amfana da shi bayan ba mu. Ya ba ki 'ya'yan da za su yi haƙuri da ke yadda kika yi da ni. Amin.

Ki shafa mini kan yaran.

Innarki,
daga Gazawa