Injinka Yana Tsakar Gida

Baban yara, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randata,

Ni ce dai. Tun ranar da iska ta kife kwalekwalenka a tafki ban daina yi maka magana ba, yau na ce bari in rubuta, ko da babu inda zan aika.

Masu nemanka sun zo da wata na'ura, wai ita sona. Mai kula da ita, wani bawan Allah mai haƙuri, ya zaunar da ni ya min bayani. Wai ƙara take jefawa cikin ruwa, ƙarar ta yi ta tafiya ƙasa, in ta bugi abu mai tauri sai ta dawo, su ga tabo a gilashi. In ta dawo da wuri abin na kusa, in ta daɗe yana can ƙasa. Sai na tuna rijiyar gidanmu na farko, da kake leƙawa ka ce amaryata, rijiya ta maimaita, ka ce to kin ji, har ita ta shaida. Ina muryar nan yanzu? Wane irin ruwa ne wannan da ba ya mayar da magana?

Ya tambaye ni ko da inji a jirgin, wai ƙarfe ya fi komai amsawa, shi katako in ya sha ruwa ya lume a laka, lakar shanye ƙarar take. Me zan ce masa? Injinka ga shi nan a tsakar gida a kwance, ciki a buɗe, yadda ka bar shi ka ce da hannu ma za ka tuƙa, in ka dawo ka ƙarasa gyara. Kai da taurin kai! Da na faɗa masa, ya ce to neman zai yi wuya.

Sun ga tabo, na ruga ko takalmi babu, ashe dutse ne. Dutse ma ya amsa, kai hasken ɗakina ka yi shiru! Gobe za su naɗe wayoyinsu su tafi. Auta sai tambaya take ko ka ji kiran na'urar.

Yayanka ya ce a ɗauke injin, wai yana ƙara min ciwo. Na ce a'a, na rufe shi da zanena saboda ƙura. Na san ba za ka ƙarasa shi ba, na sani. Su kashe tasu na'urar, ni ba ni da wajen kashewa.

Taka, mai kiranka har in zo inda kake,
Maman yara