Asabar Ɗin Da Bapak Ba Ya Tafiya

Surabaya, Litinin

Assalamu alaikum ƙanwata Kinanti, 'yar jami'a,

Ya gida, ya mahaifinmu Bapak da ƙafarsa? Ina tsakiyar tallar gyale a waya saƙonki ya shigo, kuka ya ƙwace mini, mutum ɗari biyu suna kallo, wata har tana tambaya ko mijina ne ya gudu. Wane miji?

Na karanta takardar jami'ar sau uku. Asabar da Lahadi sabbin ɗalibai su zo Malang da iyayensu, a zaga da su, a sa hannu safiyar Asabar, wanda bai zo ba a ba wani gurbinsa. Na duba kalanda, na ga Asabar Pahing ce a lissafinmu na gargajiya, ranar da mahaifiyarmu Ibu ta rasu, kuma na san Bapak ba ya tafiya a ranar, ba ya barin a fara komai. To yayarki ta yi dabara. Na yanka muku tikitin jirgin ƙasa daga Cepu, Juma'a ƙarfe bakwai na yamma. Kin ga a Juma'a kuka fita ke nan. Ki ce mini na iya.

Ki wanke masa rigarsa ta batik mai ruwan ƙasa. Ki gaishe shi.

Mbak ɗinki, Sundari (Ndari)

*

Blora, Laraba

Wa alaikumus salam Mbak,

Muna lafiya. Na nuna masa tikitin. Ya ce birni ya sa kin manta lissafi: da an yi magariba ranar Juma'a, Asabar ta riga ta shiga. Ya ce ko da asuba muka fita, sa hannun dai a ranar ne. Daga nan ya ɗauki lauje ya tafi gona.

Kar ki ce in taho a ɓoye. Duk bayan kwana talatin da biyar, in ranar ta zagayo, ni nake raka shi kabarin Ibu. Ba zan fita gidan nan bai sa mini albarka ba. In gurbin ya tafi, ya tafi.

Ki huta lafiya.

Kinanti

*

Surabaya, Alhamis

Assalamu alaikum Bapak,

Na durƙusa ina gaishe ka. Na rubuta a takarda ne tunda ba ka karanta waya, direban bas zai kawo. Ka yafe rubutuna, babban yatsana ne kawai ya iya rubutu.

Kuskuren tikitin nawa ne, na yarda. Amma akwai maganar da ban taɓa yi maka ba. Shekara shida da suka wuce, jarrabawar shiga makarantar jinya ta faɗo Asabar Pahing. Ka ce in haƙura sai baɗi. Na cire takalmina na zauna ina gyaran albasa. Baɗin ba ta zo ba, Bapak. Yanzu ina tsaye gaban waya ina cewa baƙi su danna su saya. Ban ce ba na cin abinci ba, ina ci, har na yi ƙiba, kowa na faɗa. Amma in na ga mai farin kaya a asibiti sai in kau da kai.

Ban riƙe ka ba. Na san a ranar ka ɗauki Ibu a babur zuwa kasuwa, kai kaɗai ka dawo. Sai dai Kinanti ba irina ba ce. Ni na iya surutu, ina fitar da abin da ke cina. Ita shiru za ta yi, ta yi ta shiru har ta tsufa a gabanka.

'Yarka, Sundari

*

Blora, Lahadi

Zuwa ga 'yata Sundari,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Takardarki ta iso. Maganar jarrabawar, na san da ita. Na ga lokacin da kika cire takalmin.

Kinanti za ta fito Juma'a bayan sallar asuba, a bas. Ki tare ta. Ni ba zan zo ba. Wannan rana ba ta taɓa wucewa ban je kabarin mahaifiyarku ba. Inda aka ce uba ya sa hannu, ki sa. Na ba ki.

Tsoron bai bar ni ba. Idan ta sa hannun, a sanar da ni ta wayar maƙwabcinmu Pak Darmo. Zan dawo daga maƙabarta in zauna a ƙofarsa.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinku, Sarkam

*

Malang, Asabar

Pak Darmo, barka da hantsi. Don Allah ka karanta wa Bapak wannan a hankali.

Bapak, mun gaishe ka. Wajen cike yake da iyaye, wasu har da kakanni. Da layi ya zo kanmu, matar da ke karɓar takardu ta ce ina mahaifi, na ce ya aiko ni. Kinanti ta riƙe biro ta daɗe tana kallon takardar. Na tsaya na jira ta, ka san kuwa wannan aiki ne a wurina. Ƙarfe tara da minti goma ta sa hannu, na sa nawa a ƙasa.

Ba abin da ya faru, Bapak. Ga ta nan gefena a ƙarƙashin bishiya tana cin shinkafa, lafiyarta ƙalau. Ka tashi daga ƙofar mutane ka je ka ci abinci.

Ndari