Tambayar Dillalin Hannun Jari

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Yaya da Auta. Ya ƙarin haƙurinmu? Ni lafiyata lau, ina zuwa aji, abinci ma ina taɓawa.

Maganar kuɗin shagon marigayi Baba, da kika ce in nemo mai juya mana tunda ni ce 'yar boko. Malamar lissafinmu ta raka ni wurin dillalin hannun jari, mai saya wa mutum kaso a kamfani. Na nemi ganin takardar izininsa kamar yadda malama ta koya mini, ya nuna.

Sai ya ce, "'Yata, wace irin asara za ku iya jurewa?"

Na ɗauka ta'aziyya yake yi. Na ce, "Haƙuri da godiya."

Daga baya ya ce nufinsa idan kuɗin suka ragu. Ko kunya ban ji ba, Inna, ban ji komai ba.

Karatun Auta na cikin kuɗin nan, shi ya sa ban amince da komai ba tukuna. Ki faɗa mini abin da za mu iya jurewa, in kai masa amsa. Ni ban sani ba.

Allah ya jiƙan Baba.

'Yarki